TASMANIYA: TSIBIRIN DA ITATUWANSA SUKA GIRMI MUTANE

A wannan wata za mu kai ku wani wuri mai nisan gaske, wanda da yawa daga cikinmu ko sunansa ba su taɓa ji ba. Idan mutum ya duba taswirar duniya ya sami Ostareliya, to ya gangara da yatsansa can ƙasa ta kudu maso gabas, zai ga wani tsibiri mai siffar zuciya. Shi ne Tasmaniya. Tsakaninsa da babbar ƙasar akwai teku mai faɗin kimanin kilomita 240. Girmansa ya kai murabba'in kilomita 68,000, wato ya ɗan ɗara Togo, amma duk mutanen da ke cikinsa ba su kai 600,000 ba. Wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Holan mai suna Abel Tasman shi ne Baturen da ya fara hango shi a 1642, Turawan Ingila kuma suka kafa babban birninsa Hobart a 1804.

Masana sun ce a da can tsibirin a haɗe yake da Ostareliya, mutane da dabbobi suna ƙetarawa da ƙafa, sai teku ta taso ta raba su kimanin shekara 12,000 da suka wuce. Tun daga nan abin da ke ciki ya zauna a ciki, abin da ke waje ya zauna a waje. Karen dajin Ostareliya da ake kira dingo bai taɓa shiga ba, yanyawar da Turawa suka kai babbar ƙasar ita ma ba ta kafu ba. Dalilin ke nan da ya sa wasu halittun da suka ƙare a can har yanzu suna nan a nan. Su muka je gani, da itatuwan da suke zaune a ƙarƙashinsu.

Mun sauka a watan Fabrairu, tsakiyar lokacin zafinsu ke nan, amma zafin nasu bai hana mu sa rigar sanyi da safe ba. Kome na can a juye yake. Da tsakar rana, rana tana wajen arewa, magariba ba ta yi sai bayan ƙarfe 8, kuma mu da muka saba cewa mu fuskanci gabas mu yi salla, sai ga shi alƙibla tana yamma sak. Iska kuwa daga yamma take kaɗawa, ta ratso teku dubban kilomita ba tare da ta gamu da ƙasa ba, sai ta zo ta juye ruwanta a kan duwatsun yammacin tsibirin. Akwai wuraren da ruwan sama ke haura milimita 2,400 a shekara, kuma babu rani babu damina, kowane wata ana yi.

Wurin da muka fara zuwa shi ne gandun dajin Mount Field, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci a mota daga Hobart, wanda aka keɓe tun 1916. Kowa ya san bishiyar turare, wadda wasu ke kira zaiti, wadda ake dasawa a bakin hanya da makarantu, ana yin dirka da ita, ana kuma dafa ganyenta don mura. To asalinta daga wannan yanki na duniya ne, kuma irinta sun fi 700. Akwai ma wata mai shuɗin ganye ta Tasmaniya da aka kai Habasha zamanin Sarki Menelik na 2, ita ce ta rufe tuddan Adis Ababa. Amma wadda muka gani a Mount Field, gani ya kori ji. Gangar jikinta a miƙe take sambal kamar an ja zare, fara sol daga sama, ɓawonta yana saɓulewa yana lilo kamar tsumma, kuma sai mutum ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi kafin ya ga reshen farko. Waɗanda ke bakin hanyar masu yawo sun haura mita 70. Babban rimin da ka sani a garinku, da za a kawo shi nan, ƙane zai zama. Akwai wata a kudancin tsibirin da aka gano a 2008, aka sa mata suna Centurion, da aka auna ta a 2018 ta ɗan haura mita 100. Gobarar daji ta 2019 ta ƙona gindinta, amma ba ta kashe ta ba.

Abin mamaki game da wannan bishiya shi ne wuta ce ke kashe ta, wuta ce kuma ke haifar ta. 'Ya'yanta ƙanana ne kamar yashi, ba su iya tsirowa cikin inuwa. Sai babbar gobara ta zo ta cinye dajin, rana ta sami hanyar sauka ƙasa, sa'an nan irin ya zubo cikin toka ya tsiro dubbai a lokaci ɗaya. Saboda haka itatuwan da ke wuri guda galibi sa'o'in juna ne. Tana iya kai shekara 400 ko fiye, kuma ba ta fara yin kogo sai ta haura shekara 100. Wannan magana ta kogo a riƙe ta, don kuwa aku da mujiya da wasu dabbobi masu yawa ba su da ɗakin haihuwa sai shi. Daga farkon shekarun 1970 aka shiga sare irin waɗannan dazuzzuka ana niƙa katakon ana kai shi Japan don yin takarda. Masu saran suna cewa ai suna sake shukawa, kuma gaskiya ne suna shukawa, sai dai itacen da za a sake sarewa kafin ya cika shekara 100 yaushe zai yi kogo? A 2013 aka ƙara kimanin hekta 170,000 cikin yankin da Hukumar UNESCO ta sa a jerin kayan gādon duniya, har da wasu daga cikin dazuzzukan dogayen itatuwan. Shekara ɗaya bayan haka gwamnatin tarayyar Ostareliya ta nemi a cire hekta 74,000, hukumar ta ƙi.

Ƙarƙashin manyan itatuwan akwai wata duniyar dabam, mai duhu da laima. Gansakuka ta rufe kome, dutse da kututture da ƙasa, ga wasu tsire-tsire masu kama da gajeren dabino waɗanda ba su fure ba su 'ya'ya, suna baza ganye kamar laima. Nan ne ruwan Russell ke faɗowa daga kan dutse hawa-hawa. Mai zuwa sai ya riƙa duba ƙafarsa, don matsattsaku suna nan da yawa, ga kuma macizai iri 3 a tsibirin, dukansu masu dafi, ko da yake su ne ke fara gudu.

Da rana sai ka ce babu dabba a dajin. Da la'asar sakaliya sai su fara fitowa. Na farko su ne wasu ƙananan dangin kangaru masu ƙiba da jan ciki, girmansu bai wuce na ɗan akuya ba, suna tsalle da ƙafa biyu, uwa da ɗanta a cikin zabirar da Allah ya yi mata a ciki, kansa kawai ke leƙowa. Irin wannan ta ƙare a babbar ƙasar, nan kaɗai ta rage. A bakin rafi kuma muka tsaya shiru har kusan rabin awa, kafin muka ga ruwa ya yi zobe, wani abu mai launin ƙasa ya taso ya yi iyo kaɗan ya nutse. Wannan ita ce dabbar da Turawa ke kira platypus. Bakinta na agwagwa, jikinta da gashi kamar na karen ruwa, wutsiyarta fale-fale, tana yin ƙwai kuma tana shayar da nono, namijin yana da ƙaya mai dafi a ƙafar baya. Idan ta nutse takan rufe ido da kunne da hanci, da bakin nan take jin motsin ƙwarin da take ci. Sa'ad da aka fara kai fatarta Ingila a ƙarshen ƙarni na 18, masana sun zaci wani ne ya ɗinka bakin agwagwa a jikin wata dabba don ya yi musu wasa da hankali. Ba mu ga laifinsu ba.

Daga nan muka yi yamma. Hanyar ta bi ta gefen tafkin St Clair, wanda ya fi kowane tafki zurfi a Ostareliya, sa'an nan ta ratsa wasu filaye masu faɗi na wata ciyawa mai tsirowa dunƙule-dunƙule. Ruwan rafukan wurin ja ne kamar shayi, ba don datti ba, saiwar ciyayin ce ke rina shi, kamar dai yadda bagaruwa ke rina ruwa a majema. Bayan tafiyar sa'o'i cikin kore, kwatsam sai hanya ta gangaro garin Queenstown, sai ga tuddai tsirara, ja da rawaya. Tagulla aka haƙa a nan tun ƙarshen ƙarni na 19. Aka sare itatuwa aka hura wutar narka ta, hayaƙin farar wuta ya kashe sauran, ruwan sama ya wanke ƙasar ya bar dutse. An daina narkawa tun 1969, tsire-tsire sun fara komowa sannu a hankali, amma kogin da ya ratsa garin har yanzu ruwansa launin tsatsa ne.

A garin Strahan da ke bakin teku muka shiga jirgin ruwa zuwa kogin Gordon. Idan iska ta kwanta, baƙin ruwan nan yakan zama madubi, daji sama daji ƙasa, ba ka gane inda gaɓa ta tsaya. A bakin wannan kogi ne itacen da ake kira Huon yake, wanda babu shi ko'ina a duniya sai Tasmaniya. Ba shi da kwarjini a ido. Rassansa a sunkuye suke suna taɓa ruwa, da ba a nuna mana shi ba da mun wuce shi. Amma kaurinsa ba ya ƙaruwa da abin da ya wuce kimanin milimita 1 a shekara, don haka wanda ya kai kaurin turmi ya ga ƙarni da yawa, akwai kuma waɗanda suka haura shekara 2,000. Wato akwai itacen da ke tsaye yau a bakin kogin nan wanda ya riga ya girma tun kafin a haifi Annabi Isa, alaihissalam. A kan dutsen Read akwai wani kurmi nasa wanda masana suka gano duk itace ɗaya ne, reshe ya taɓa ƙasa ya yi saiwa ya zama sabon itace, haka yake ta yi sama da shekara 10,000.

Katakonsa rawaya ne mai laushi, yana da wani mai a ciki mai ƙamshi wanda ke hana shi ruɓewa, ƙwaro kuma ba ya cinsa. Ana tono gungumen da ya yi dubban shekaru a cikin laka a tarar da shi garau. Wannan alheri shi ya jawo masa gatari, don babu katakon da ya fi shi kyau wajen sassaƙa jirgin ruwa. Daga 1822 zuwa 1833 Turawan Ingila suka mai da wani ɗan tsibiri mai suna Sarah kurkuku, suka riƙa tura fursunoni cikin ruwan sanyi suna sarowa suna jawowa, har aka ƙera jirage sama da 100 a wurin. Mashigin da ake bi a shiga daga teku, fursunonin suka sa masa suna Ƙofar Jahannama, sunan da ake kiransa da shi har yau. Bayan fursunoni sai masu sana'ar saran suka ci gaba fiye da shekara 100. Yanzu yawancin abin da ya rage yana cikin gandun da aka tsare, masu sassaƙa kuma galibi da tsofaffin gungume da kututturan da aka tsinto suke aiki. Mun ga ɗan faifan yanka albasa na wannan katako a kanti, kuɗinsa ya isa cefanen mako.

Da ƙyar wannan kogi ya tsira. A 1972 hukumar lantarki ta jihar ta riga ta nutsar da wani tafki mai farin yashi da ake kira Pedder a ƙarƙashin madatsar ruwa, duk da kukan da mutane suka yi. Sai ta juyo kan Gordon da Franklin, wanda ke zuba a cikinsa. Da aka yi ƙuri'ar jin ra'ayi a 1981, ba a tambayi mutane ko suna son madatsar ba, an ce ne su zaɓi wurin da za a gina ta, sai kusan kashi ɗaya cikin uku suka rubuta a kan takardar cewa ba su son ko ɗaya. Ran 14 ga Disamba 1982 masu adawa suka fara tare hanyar aikin da ƙananan kwale-kwalen roba, a daidai lokacin da UNESCO ta sa yankin cikin jerinta. An kama sama da mutum 1,200, cikinsu har da wani likita mai suna Bob Brown wanda daga baya ya zama ɗan majalisar dattawa. Aka canja gwamnatin tarayya a watan Maris 1983, sabuwar ta hana aikin, aka kai maganar kotu, ran 1 ga Yuli 1983 Babbar Kotu ta yanke hukunci, alƙalai 4 suka rinjayi 3, aka tsai da gini. Kada a ɗauka mutanen yankin duk sun yi murna. Da yawa leburori ne masu iyali da suka sa rai da aikin, kuma gabar da aka yi ta daɗe ba ta huce ba. Amma yau jiragen da ke kai baƙi kallon kogin su ne ke ciyar da garin Strahan. Yankin da aka tsare ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsibirin.

Muka hau arewa zuwa dutsen Cradle, mai tsawon mita 1,545, inda dusar ƙanƙara kan sauka ko da a tsakiyar lokacin zafi. A nan an shimfiɗa katako a kan fadama don kada ƙafa ta lalata tsire-tsire, a gefen katakon kuma wata dabba ce ke kiwo ba ruwanta da kowa. Sunanta wombat. Gajera ce, dunƙulalliya kamar buhun gero mai ƙafa huɗu, tana kai kilo 20 ko fiye. Rami take haƙawa, don haka bakin zabirarta baya yake kallo, kada ƙasa ta cika wa ɗanta ido. Idan abokin gaba ya biyo ta sai ta shige rami ta toshe ƙofar da gindinta, wanda yake da tauri kamar faranti. A gafarce mu da wannan, amma kashinta mai kusurwa huɗu ne kamar sukari mai iyali, kuma a kan dutse take ajiye shi don 'yan'uwanta su san wurin da mai shi.

A waɗannan tuddai akwai wasu itatuwa masu siririn kai da kan yi shekara 1,000, waɗanda ba kamar bishiyar turare ba, idan wuta ta ci su shi ke nan. Da can laima ce ke tsare su. A 'yan shekarun nan sai ga tsawa tana sauka ba ruwa a kan ƙasar da ta bushe. A 2016 gobara ta hau har inda ba a saba ganinta ba ta ƙone wasunsu, a 2019 kuma ta ci kimanin hekta 200,000 a tsibirin. Madatsar ruwa ana iya kai ta kotu, amma wannan fa?

Kusa da ƙofar gandun akwai wurin da ake kiwon dabbar da ta fi kowace suna a tsibirin, wadda Turawan farko suka ji kururuwarta cikin dare suka sa mata suna shaiɗan. Baƙa ce mai farin zane a ƙirji, girman ɗan kwikwiyon da ya tasa, da ƙaton kai da jajayen kunnuwa. Aikin kura take yi, mushe take ci, ƙashi da fata da gashi ba ta barin kome. Takan haifi 'ya'ya 20 zuwa 30, kowane kamar ƙwayar shinkafa, alhali nonon da ke cikin zabirarta 4 ne kacal, wanda ya riga kamawa shi ya rayu. A 1996 aka fara ganin wasunsu da ƙari a fuska a arewa maso gabashin tsibirin. Da aka bincika sai aka tarar sankara ce, amma irin wadda ake ɗauka: idan suna faɗa a kan nama ko wajen barbara suka ciji juna, ƙwayar cutar kanta ce ke tashi daga wannan ta kama a jikin wancan. Ƙarin yakan girma har dabbar ta kasa cin abinci, cikin 'yan watanni ta mutu. Masu bincike sun ƙiyasta sun ragu daga kimanin 53,000 a 1996 zuwa kimanin 17,000 a 2020. A 2012 aka kwashi masu lafiya aka kai su tsibirin Maria don a sami iri idan na gida suka ƙare. Suka yi ta haihuwa lafiya lau, sai dai kafin shekara 10 sun gama da wasu ƙananan tsuntsayen teku da ake kira fengwin, kimanin ma'aurata 3,000, da ke sheƙa a wurin. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Labari mai daɗi shi ne an fara ganin alamar jikin wasunsu yana yaƙar cutar da kansa. Mota ma tana kashe su da yawa, don sukan fito titi cin abin da wata motar ta take, shi ya sa ko'ina akwai allon da ke roƙon direbobi su rage gudu daga magariba zuwa asuba.

Duk wannan ɗawainiya da ake yi da shaiɗan, tsoron maimaita abin da ya sami yayansa ne. Wannan ita ce dabbar da ake kira damisar Tasmaniya, mai siffar kare da ratsi-ratsi a gadon baya, ita ma da zabira. Makiyaya suka ce ita ke cin tumakinsu, gwamnati ta sa ladan fam 1 a kan kowace babba da aka kashe, daga 1888 zuwa 1909 aka biya lada sama da 2,180. Binciken da aka yi daga baya ya nuna karnukan da suka gudu daji suna da babban kaso a ɓarnar. An kafa dokar kare ta ran 10 ga Yuli 1936. Ran 7 ga Satumba na wannan shekara, bayan kwana 59, ta ƙarshe da aka sani ta mutu a gidan dabbobi na Hobart. Fatarta da ƙasusuwanta ma sai da suka ɓace, a 2022 aka gano ashe suna cikin wani kabad a gidan tarihi na birnin, tsohuwar mace ce. A can muka ga ɗan gajeren fim ɗin da aka ɗauka a 1933, wata tana kai da kawowa cikin keji tana hamma. Har yau hotonta guda biyu ne ke riƙe da tambarin jihar.

Kwanakinmu na ƙarshe a tsibirin Bruny muka yi su, kudu da Hobart, minti 20 a jirgin fito. Tasmaniya tana da tsuntsaye iri 12 da babu su ko'ina, kuma duka ana samunsu a nan. Wasu ba su da wuyar gani: wata kazar fadama da ba ta tashi sama amma gudunta ya kusa na babur, da wani baƙi mai rawayan ido mai kama da hankaka, wanda ya iya buɗe jakar matafiyi ya ɗauke masa guzuri, da wani koren aku mai jan goshi. Wanda ya ba mu wuya shi ne wani ɗan mitsitsi da bai fi babban yatsa ba, mai ɗigo-ɗigon fari a fiffike, har ake ce masa mai ɗigo 40. Bishiyar turare iri ɗaya tak yake dogara da ita. Yakan tsaga gindin ganye da baki, ya tafi, ya komo ya tarar wani farin abu mai zaƙi ya tsatso ya daskare, da shi yake ciyar da 'ya'yansa. Wani ƙuda ne ya addabe shi, tsutsarsa tana shiga fatar 'yan tsakin ta kashe yawancinsu. Sai masu bincike suka yi dabara, suka fesa wa gashin kaji maganin ƙwari suka rataye a daji, tsuntsayen da kansu suka riƙa ɗiba suna shimfiɗawa a sheƙa, 'yan tsakin da ke rayuwa suka tashi daga ƙasa da 1 cikin 10 zuwa sama da 9 cikin 10. Akwai kuma wani ɗan aku mai ruwan lemo a ciki, wanda ba ya haihuwa sai a wuri ɗaya can kudu maso yamma da ake kira Melaleuca, inda mota ba ta zuwa. Kowace shekara yakan ƙetare teku zuwa babbar ƙasar ya komo, ana ƙirga su ɗaya-ɗaya. A 2016 waɗanda suka komo ba su kai 20 ba. Da taimakon waɗanda ake ƙyanƙyashewa a keji ana saki, a 2023 sun kai wajen 80.

Bruny kashi biyu ne, wani siririn tudun yashi ya haɗa su, teku dama teku hagu. A kan tudun akwai matakala sama da 200, a ƙarshenta kuma abin tunawa da wata mata mai suna Truganini, wadda aka haifa a wannan tsibiri wajen 1812. Mutanenta sun zauna a Tasmaniya kimanin shekara 40,000, su ne ma suka riƙa sa wuta da lissafi suna buɗe filayen ciyawar da muka ratsa. Cikin shekara 30 da zuwan Turawa, yaƙi da cuta da kora suka kusa gamawa da su. Aka tattara sauran aka kai tsibirin Flinders, a 1847 mutum 47 kaɗai aka komo da su. Truganini ta rasu a 1876, aka baje ƙasusuwanta a gidan tarihi mutane suna kallo har 1947, sai a 1976 aka ƙone su aka watsa tokar a mashigin tekun da ke gefen Bruny. An daɗe ana koya wa yara cewa ita ce ta ƙarshe. Ba haka ba ne, a ƙidayar 2021 kimanin mutum 30,000 a jihar suka ce su 'yan asalin ƙasar ne, kuma sun farfaɗo da harshensu, suna kiran tsibirin lutruwita.

Gangaren tudun duk ramuka ne, da rana ba ka ganin kome. Ana ba baƙi umurni su tsaya kan katako, kada su haska fitila sai mai jan haske. Da duhu ya fara sai muka ga sama ta cika da wasu baƙaƙen tsuntsaye masu dogon fiffike, suna shawagi shiru, sa'an nan su faɗo ƙasa tim, kowane ya nufi raminsa, kuka ya kaure daga ƙarƙashin ƙasa. Can kuma daga bakin ruwa sai ga 'yan fengwin, tsawonsu kimanin santimita 33, suna tafe ayari-ayari suna rangaji. Baƙaƙen nan, waɗanda 'yan asalin ƙasar ke kama 'ya'yansu don nama da mai tun kaka da kakanni, miliyoyi ne ke zuwa Tasmaniya a ƙarshen Satumba daga tekun da ke tsakanin Alaska da Rasha, tafiyar kimanin kilomita 15,000, kuma galibi kowane ramin bara yake komawa, da matarsa ta bara. Ƙwai ɗaya suke yi a ƙarshen Nuwamba, a ƙyanƙyashe a Janairu. Iyayen sukan tafi har kusa da ƙanƙarar Antatika neman abinci su komo su ɗura wa ɗan, har ya fi su nauyi. A farkon Afrilu sai su tashi su yi arewa su bar shi a rami. Yakan yi mako 2 zuwa 3 ba ci, kitsensa yana narkewa, gashin tashi yana fitowa, sa'an nan a wani dare mai iska a ƙarshen watan ya fito bakin rami ya buɗe fiffike ya bi bayansu, ba tare da wani babba ya nuna masa hanya ba.